Layin da Ke Saman Sunana

Tun da 'yar'uwarku Sadiya ta kwashe tarihin danginmu daga tsohuwar kwamfutata ta mayar da shi cikin wayoyinku, sau uku ana yi mini tambaya ɗaya. A jerin 'ya'yan Inna, kakarku, akwai layi guda a saman sunana wanda babu suna a cikinsa. Sadiya ta ɗauka na'ura ce ta yi kuskure, har ta ɗaga yatsa za ta goge. Na hana ta, na ce zan yi bayani, ban kuwa yi ba. To ga bayanin. An yi kuskure a wannan aiki, ni na yi shi, amma ba a wannan layin yake ba.

Na ajiye aikin rediyo wajen 2005, bayan shekara talatin ina karanta labarai a Bauchi, na dawo gida Azare da ni da mahaifiyarku Binta. Inna tana sashenta na gabas, ta haura saba'in, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Ba a fi wata biyu da dawowata ba muka je ta'aziyya Misau. Wasu samari biyu suka shigo gaishe ta, kowa da tafiyarsa, ba su san juna ba. Inna ta tambayi wannan sunan ubansa, ta tambayi wancan sunan uwarsa, sai ta ce musu, "Ku gaisa da kyau, kakanninku ciki ɗaya suka fito." A mota muna dawowa na yi ta tunani. Duk zaren da ya ɗaure mu, daga Katagum zuwa Giade zuwa Itas, a kan tsohuwa ɗaya yake rataye. Ranar da ta tafi, ya tsinke.

Na fara da littafi da biro. Kwana huɗu na yi na haƙura. Mu mutanen auren zumunci ne, mutum ɗaya sai ya fito a shafi uku, nan ɗa ne, can suruki ne, gaba kuma kawu ne. Ga shi Inna ba ta bin tsari. Tana cikin gidan Giade sai ta tuna wata amarya da aka kai Itas, ta bi ta can, kafin in buɗe shafin ta komo. Na kawo rakoda, ta ce ita ba mawaƙiya ba ce da za a sa muryarta a kaset. Sai na tuna da Injiniya Bukar.

Bukar abokin aikina ne, shi ke kula da na'urar watsa shirye-shirye tun ina saurayi. Ya riga ni yin ritaya, ya buɗe shago a bakin kasuwar Azare yana gyaran talabijin da kwamfuta. Babarbare ne, ni kuwa jinin Fulani, saboda haka tunda muke ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. A shekarunmu na ƙarshe a tasha ya koya mini ɗan abin da ya sani na wani harshen ba wa kwamfuta umarni da ake kira Python. Da shi nake auna tsawon shirye-shirye, a baƙin allo, rubutu zalla. Na zayyana masa matsalata.

"Wato Bafillace ya gaji da ƙirga shanu, ya koma ƙirga mutane," in ji shi.

"Bawa ba ya tambayar ubangijinsa dalili. Za a iya ko ba za a iya ba?"

"Za a iya, amma ba a baƙin allon nan ba. Tsohuwa tana tsalle daga gida zuwa gida, kai kana laluben haruffa? Taga kake bukata, mai akwatuna da maɓallai, ka danna mutum ya fito."

"Irin tagogin nan mutum ne yake yin su?"

"A'a, aljanu ne. Kana tsammani daga sama suke faɗowa?"

Gaskiya ban taɓa tunanin haka ba. Shekara nawa ina danna maɓallai a allo, ban taɓa tambayar kaina wa ya ce wa maɓallin ya zauna a nan, ko yadda aka yi ya san an taɓa shi ba. Bukar ya ce akwai kayan haɗi da wasu suka tanada, kamar yadda kafinta ke samun ƙusa da hinji a kasuwa ba sai ya ƙera ba. Taga, akwatin rubutu, maɓalli, duk suna ciki. Aikina shi ne in ɗora kayan a kan kwamfutata, sannan in koyi kiran kowanne da sunansa. Tun daga ranar wannan abu ya shiga raina fiye da yadda ya kamata ga mai shekara hamsin da shida.

A lokacin shagon intanet da muke zuwa guda ne, mai babban farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi. Nan na je sauko da kayan. Wani siriri layi ne yake cika a hankali daga hagu zuwa dama, ina zaune ina kallonsa kamar mai jiran tulu ya cika a bakin famfon da ke ɗiga. Safiya ta farko ya kai rabi aka ɗauke wuta. Ta biyu farantin ya ƙi. Ta uku ya cika, aka kwafe mini a faifai, na riƙo shi da hannu biyu har gida. Kwamfutata ta hannu ce, mai allo mai ƙeya, sai ta yi nishi kafin ta tashi. Na sa faifan, na bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya gama. Na rubuta layin da zai kira kayan. Sai jan rubutu ya cika allo. Na kwafe shi harafi da harafi a takarda na kai wa Bukar.

Ya duba, ya yi dariya har da tari. "Ka sayo murfin tukunyar da ba taka ba. Harshen da ke kwamfutarka yana da lamba, kayan ma suna da lamba. Naka tsoho ne, waɗannan na sabo ne. Ba ka karanta abin da aka rubuta a gefe ba?"

"Na karanta."

"Ka karanta irin karatun labarai, baki na tafiya kai na gida."

Na koma. A wannan karon na tsaya na karanta komai, shi ne ma na ga kowace lamba kashi biyu ce, akwai mai ɗaukar haruffan Turanci kaɗai, akwai mai ɗaukar na kowa. Na zaɓi na biyun, don ba zan rubuta sunan Ɗahiru da Ƙasimu babu lanƙwasa ba. Wata safiya huɗu ta tafi. Da na ɗora shi na kira shi, bai ce komai ba. Na jira jan rubutu, bai zo ba. Na buga wa Bukar waya na ce abin ya yi shiru. Ya ce, "Shirun shi ne amsar. In ya yi magana, faɗa ne."

Tagata ta farko layi takwas ce. Na kwafo su daga misalin da ya zo da kayan, na tsallake na ƙarshe domin ban ga amfaninsa ba, a ganina taga ta riga ta ginu. Na danna. Wani abu ya gilma a allo kamar walƙiya, ya ɓace. Na sake, ya sake gilmawa. Sau goma sha na yi ina ƙoƙarin in ga mene ne. Da Bukar ya zo da la'asar, ya sa yatsa a takardar misalin, daidai layin da na yar.

"Ka gina ɗaki, ka share, ka kira baƙo, sannan ka rushe shi kafin ya iso. Wannan layin shi ne yake cewa zauna ka jira."

"Ya jira me?"

"Komai. A danna, a ja, a rubuta, a rufe. Ba shi ke faɗin abin da zai biyo baya ba, mai zaman gabansa ne. Shi dai ya kasa kunne."

Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Ni a aikina ban san jira ba. Jan fitila ta kunnu, in fara, in bi takarda daga sama har ƙasa, in rufe da sunana, kuma babu mai sauraron da ya isa ya katse ni. Ƙananan shirye-shiryen da nake rubutawa a baƙin allo ma haka suke, daga sama zuwa ƙasa, su gama su mutu. Ga wani abu da duk rayuwarsa zaman sauraro ne. Na mayar da layin. Taga ta fito ta tsaya, ruwan toka, babu komai a cikinta sai kalmar da na sa mata a goshi: Dangi. Na ja ta dama, ta bi ni. Na kama gefenta na buɗa, ta buɗu. Na kira Binta ta zo ta gani.

Ta leƙa, ta dube ni. "Malam, sati uku kana zarya, abin da aka haifa ke nan? Ai faranti ne ba tuwo."

"Tuwon na tafe."

"Allah ya sa Inna ta ci da zafinsa."

Da ma na ji wannan addu'ar da kunnen basira. Wata guda na ƙara ina zuba kaya a tagar. Akwatunan farko hawa kan juna suka yi, sai da na gane ba a ajiye su da ido, jera su ake yi layi-layi kamar kwanuka a kanta, a gaya wa kowanne ko zai miƙe in taga ta faɗaɗa ko zai tsaya yadda yake. Na yi akwatin suna, na uba, na uwa, na gari. A gefe na sa jerin 'ya'ya, babba a sama, in ka danna ɗa sai tagar ta koma kansa. A ƙasa maɓalli guda: Ajiye. Ranar da na ɗaura maɓallin da aikinsa, na danna ya amsa, na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da aka fara barina in karanta labaran duniya.

Sannan na ƙara layi uku da na fi alfahari da su. A ɗakin labarai dokarmu ta farko ita ce labarin da babu suna ba labari ba ne, jita-jita ce. Saboda haka na sa wa tagar doka: in akwatin suna fayau yake aka danna Ajiye, ta yi ƙara, ta fito da gargaɗi, Sai an sa suna. Bukar ya gani ya girgiza kai.

"Bar ƙofar baya, Fillo. Mu a na'urar watsa shiri duk inda muka sa makulli sai mun sa hanyar kewaye shi. Ranar da doka ta yi kuskure, injin da ba shi da ƙofar baya tsayawa yake cik."

"Akwai mutumin da ba shi da suna?"

"Ni dai na gaya maka."

Muka fara zama da Inna da hantsi, a rumfar ƙofar ɗakinta. Ni a kujera gaban ɗan tebur, ita a tabarma da carbinta, ƙaramin janareta yana can bayan gida. Ta sa wa kwamfutar suna talabijin ɗin da ba ya magana. Aikin ya tafi fiye da zatona. Ta faro daga kakannin da suka taso daga Katagum, tana kawo su gida-gida, wane ya haifi wane, wance aka kai ta Giade ta haifi tagwaye. In ta yi tsalle in danna in bi ta. Wani lokaci ta gwada ni, ta ce, "Koma kan mai jan gemun nan na jiya," in koma, in karanto mata 'ya'yansa. Sai ta ce, "Af, ashe yana riƙewa."

Na san za mu ci karo da kunya, kuma na shirya mata. Inna ba ta taɓa faɗin sunan mahaifina ba, Malam take cewa. Surukinta, mai babban gida. Duk jikan da aka sa wa sunan ɗayansu, da laƙabi take kiransa. In mun zo kansu sai ta kawar da kai, ni in rubuta da kaina, tagar ta karɓa, mu wuce. Ni ma ina cikin waɗanda ba a faɗa. A matsayina na ɗan fari, tun yaye aka kai ni Katagum wurin Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni har na isa makaranta. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ɗan Goggo take cewa, daga baya mutumin Bauchi. Binta ta taɓa gaya mini cewa Inna ba ta fashin jin labaran ƙarfe bakwai, amma da na zo rufewa, daidai inda zan faɗi sunana, sai ta rage murya. Don haka na ɗauka babu abin da ban sani ba game da shirun Inna.

Rana ta tara muka iso kan 'ya'yanta. Na buɗe jerin, na rubuta sunana, Aliyu, a layin farko ba tare da na tambaye ta ba, na ce, "Inna, na sa na fari. Sai Hauwa."

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Bar wuri ɗaya babu komai, sannan ka ci gaba."

Na yi murmushi. Na ɗauka ko rubutun sunana a gabanta ne ya yi mata nauyi. "Inna, ai ba ke kika faɗa ba, ni na rubuta. Kamar na Malam."

"Na ce ka bar wuri."

"Ba ya karɓa. Bari ki ji." Na goge sunan, na danna Ajiye. Kwamfutar ta yi ƙararta, gargaɗin ya fito. Na karanta mata da muryar aiki: "Sai an sa suna." Har na sake dannawa don ta ji da kyau. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye muku ba.

Inna ta dubi allon da ba ta gani sosai. Ta tattara carbinta, ta dafa bango ta miƙe.

"To. Tunda ya fi ni sanin abin da na haifa, ka tambaye shi sauran."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Washegari na kawo tebur, ta aiko cewa ƙafarta na ciwo. Jibi ma haka. Gaisuwa tana amsawa, hira tana yi, amma da na ambaci talabijin ɗin da ba ya magana sai ta tambayi Binta ko an jiƙa gero. Binta ta ce in yi mata abin da take so, wuri ɗaya ne. Bukar ya ce layi uku ne, minti ɗaya ya isa a cire su. Na ƙi. Dalilin da na ba su shi ne, in na bari a ajiye mutum babu suna, gobe za a sami goma, a kasa bambanta su. Dalili ne mai kyau, kuma ba shi ne na gaskiya ba. Na gaskiyar shi ne, shekara hamsin da shida ban ji sunana a bakinta ba, yanzu kuma ko a rubuce ba ta so ya zauna. Na ce a raina wannan karon ba zan janye ba. Sati bakwai muka yi a haka. Abin da ya rage mana a lokacin shi ne 'ya'yanta, waɗanda na sani, da dangin mahaifiyarta na Itas, waɗanda ban da ita babu mai riƙe da su.

Da damina ta kankama sai na yi dabara. Na ce bari in je Katagum in karɓi abin da zan iya samu daga Goggo Dije, in kewaye Inna. Na same ta a tsakar gida tana gyaran yakuwa, kogi ya kawo har ana jin ƙamshinsa a gari. Ita ba ta da kunyata, ta kira ni Ali tun daga ƙofa. Bayan mun gaisa na ba ta labari, ina jiran ta taya ni mamakin rigimar tsufa. Ba ta yi dariya ba. Ta ture farantin gefe.

"Ali, kai ne ka danna abin ya yi mata ƙara?"

"Don ta ji ne, Goggo."

"Ta ji. Zauna da kyau." Ta nuna bayan ɗakin da na yi ƙuruciya a cikinsa, inda tsohuwar bishiyar kurna take. "Ba kai ne na farinta ba. Akwai wanda ya riga ka da shekara biyu. A gidan nan ta haife shi. Kwana biyar ya yi. An riga an ɗaure ragon suna a turken can, an aika wa mutanen Itas. Bai kai ranar ba."

Na juya na dubi kurnar. Ta ci gaba da cewa a lokacinsu yaron da bai kai bakwai ba ba a raɗa masa suna, ba a sa shi a lissafin 'ya'ya, ba a zaman makoki. A ce wa uwar ta yi haƙuri, wani na tafe, shi ke nan. Kakata ta hana a ƙara ambatonsa don kada yarinya ta yi ta kuka. Inna tana da shekara goma sha bakwai. Da aka haife ni kowa ya ce ga ɗan fari, ta karɓa, ta yi mini kunyar da ake yi wa ɗan fari, aka ba Goggo ni.

"Kunyar ta ba ka," in ji Goggo. "Wurin ne ba ta ba ka ba. Shekara sittin babu wanda ya tambaye ta ta jera 'ya'yanta daga farko, sai kai. Da ta tashi jerawa kuma ka sa ƙarfe ya yi mata tsawa."

A ranar na juyo. Ina isowa na tarar zazzaɓi ya kwantar da Inna tun daren jiya, Binta na shirin aiko mini. Sati uku ta yi a kwance. A cikinsu na cire layukan nan uku. Bukar ya yi gaskiya, bai kai minti ɗaya ba. Shi ya nuna mini yadda zan ba kowane mutum lamba a ɓoye, wadda tagar za ta riƙa gane shi da ita ko da suna ko babu. Na ƙara wani akwati babba a ƙasa, na sa masa Bayani. Bai yi mini tsiya ba a ranar, ko sau ɗaya bai ce na gaya maka ba, abin da ya fi tsiyar ciwo.

Da ta samu sauƙi ta fara fitowa shan hantsi, na ɗauko tebur na ajiye. Ta rame. Na buɗe jerin 'ya'yanta, na ce, "Inna, saurara." Na bar akwatin suna fayau, na danna Ajiye.

Ta karkata kunne. Janareta kawai ake ji daga bayan gida.

"Ya yi shiru," ta ce.

"Ya yi shiru, Inna. Ya karɓa."

"Dije ce ko?"

"Ita ce."

"Bakinta ba ya riƙe ruwa tun tana yarinya." Ta ja carbi biyu ko uku. "Namiji ne. Laraba ya zo, Lahadi ya koma. Yana da gashi, baƙi wuluk, har goshi. Rubuta haka."

Na rubuta a akwatin bayani, kalma da kalma yadda ta faɗa. Yana nan har yau, in kun danna layin za ku gani.

"A sama ka sa shi?"

"A sama."

"To."

Na ce, "Sai na ƙasansa."

Ta kawar da kai wajen bango, kamar yadda take yi in an zo kan Malam. "Wannan ka san shi. Mai taurin kai ne."

Na rubuta sunana da hannuna, muka wuce kan Hauwa.

Bayan kwana biyu muka shiga dangin Itas. Ta faɗi sunan mahaifiyarta, ta faɗi na yayyenta maza biyu, sai ta tsaya. Na jira. Na riga na koyi wannan. Ta rufe ido, leɓenta na motsi, ta koma farko ta sake faro su, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Kafin zazzaɓin nan na sha jin ta tana jero mutanen gidan har jikoki tana tsinkar zogale, ba tare da an tambaye ta ba.

"Sun tafi," ta ce. "Da suna nan. Bari, wataƙila gobe."

Mun gwada gobe, mun gwada har ƙarshen shekara. Wasu gidajen ta ƙara mana mutum ɗaya ko biyu, amma na Itas ba su dawo ba. Na je garin sau biyu ina tambaya, na sami masu cewa sun ji an ce akwai zumunci, babu mai iya cewa ta ina. Inna ta rasu bayan shekara biyu. Saboda haka in kun buɗe reshen Itas kuka ga suna uku kacal, kada wani ya ce kakarku ce ta manta. Tana riƙe da su sati bakwai cur, ni ina zaune ina gadin layi uku.

Sauran abin da ke cikin wayoyinku kuna iya gyarawa. Ku ƙara waɗanda aka haifa, ku gyara garin da na rubuta ba daidai ba, ku canza tagar in kun ga dama, ni ma na san ta tsufa. Layin nan ɗaya ne na roƙe ku. Kada ku goge shi, kada kuma wani mai kirki ya ƙirƙiro masa suna don ya cike gurbi. In kuna karanta wa 'ya'yanku jerin, ku faro daga sama, ku ɗan tsaya a kansa gwargwadon numfashi guda kafin ku iso kaina. In sun tambaya wane ne, ku ce musu yayana ne, Baffanku babba, kwana biyar ya yi, yana da gashi har goshi.